Tsohon keken mahaifina: me zan gyara a gida, me zan kai wa bakanike?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wani tsohon keke Raleigh mai birkin sanda, ya fi shekara 10 a jingine a zaure. Ina so in tayar da shi da hannuna don ƙanena ya riƙa zuwa makaranta da shi. Na ɗan iya kwance-kwance, amma ban san kayan aikin da zan saya ba, kuma ina tsoron in kai wa masu gyara su musanya mini kayansa na asali da na yanzu. Abin da ya fi damuna shi ne fok ɗin gaba, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe wilin gaba, ya ɗan koma baya, kuma na ga wani siririn layi kamar tsagewa a kafaɗarsa. Maƙwabcinmu ya ce ba komai ba ne, mai walda zai gasa shi ya miƙe, ya ɗana masa wuta, an gama. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wani mai karatu a Pantami, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada kowa ya hau keken nan, ko daga zaure zuwa bakin titi, sai an gama da maganar fok ɗin. Zan zo kanta, amma bari in fara sallamarka a kan kayan aiki.

Ba ka buƙatar akwati guda. Nemi sifana mai daidaitawa mai kyau guda ɗaya, da siririyar sifana lamba 15 ta feda, da siraran sifanonin nan na kwance boris ɗin wili, da filaya, da sukudireba mai faɗin baki, da guduma, da fayil, da famfo, da kayan faci. Ka haɗa da kananzir, tsohon buroshin haƙori, samfefa mai laushi da gwangwanin giris. Duk za ka same su a Babbar Kasuwa wajen masu kayan keke da na babur. Dalilin da ya sa na ce mai daidaitawa shi ne notinan tsohon Raleigh ba a kan awon milimita aka yi su ba, awon Ingila ne na da, don haka sifana lamba 13 ko 14 sai ta kama rabi-rabi ta cinye kafaɗun noti. Ka jiƙa kowane noti da kananzir ya kwana biyu kafin ka taɓa shi. Fedar hagu kuwa a juye take kwancewa, haka ma kofin boris na dama na tsakiyar keken, wanda ma ba sai ka cire shi ba, ka wanke shi a inda yake.

Wankin kaca, kankare tsatsa, sauya boris da giris, duk aikin gida ne. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ka ƙirga ƙwayoyin boris yayin da suke zubowa. A tsakiya yawanci 11 ne kowane ɓangare masu kwatan inci, a wilin baya 9, a wilin gaba 10 waɗanda suka ɗan fi ƙanƙanta. Sababbi za ka zuba duka, kada ka gauraya da tsofaffi. Wurin da zai ba ka wahala shi ne ƙusar kota, wadda ta riƙe hannun feda. Sassauta notinta har ya yi daidai da kan ƙusar, ka tokare hannun fedar da guntun bututun ƙarfe daga ƙasa, sannan ka yi mata bugu ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Ƙwanƙwasa a hankali shi ke lanƙwasa ta. Wajen mayarwa, kan ta hagu da na ta dama su kalli sassa daban, in ba haka ba fedodin ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Abin da za ka kai shago kaɗan ne: daidaita wili da ɗaure wayoyinsa, cire firiwil (haƙoran da kaca ke ja a wilin baya), da duba ko bodin ya karkace. Waɗannan hannu suke so wanda ya daɗe yana yi. Ka nemi dattijon bakanike da ya yi zamanin kekunan nan. Ba su ƙare ba, akwai su a cikin gari, kuma a Kumo, Dukku ko Bajoga ran kasuwa, inda har yau manoma ke hawan irinsa, sun fi yawa. Maganin tsoron musanya kuwa sauƙi gare shi: kada ka kai keken gaba ɗaya ka tafi. Kai wilin kaɗai, ka zauna a benci a yi a gabanka, ka karɓi duk abin da aka cire. Kuma ka riƙe tsofaffin notinanka da kofuna ƙam, domin tiredin Raleigh, wato zaren da noti ke bi in ana ɗaure shi, 26 ne a inci ɗaya, na yawancin sauran kekuna 24. Sabon zai shiga zagaye biyu ya cije, mai gaggawa ya danna da ƙarfi, ya kashe maka tiredin bodi har abada. Taya kuma ka karanta jikinta, 28 x 1½ kake nema, mai lamba 635. Akwai wata mai rubutun 28 ta kekunan gwanjo, lambarta 622, ba za ta hau wilinka ba ko mai shago ya rantse.

To, yanzu maganar maƙwabcinku. Wannan magana ta "a kai wa mai walda" ita ce abin da na fi ji a bakin mutane kullum, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai, don masu faɗinta ba su ne ke hawa keken ba.

Fok da bodin Raleigh ba waldar lantarki aka haɗa su da ita ba, ko wanda aka yi a Nottingham ta Ingila, ko wanda aka harhaɗa a masana'antarsu ta Kano. Bututu ake zurawa cikin soket, wato mahaɗin ƙarfe, a narka tagulla ta bi tsakaninsu ta riƙe. Tagullar tana narkewa a wajen digiri 900, ƙarfen kuwa sai wajen 1,500, shi ya sa ake haɗa su ba tare da ƙarfen ya narke ba. Kaurin ƙarfen jikin bututun bai wuce milimita 1 da ɗan kai ba. Yanzu ka ɗauki wannan ka miƙa wa wanda aikinsa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, ya ɗora masa wutar da ke narka ƙarfe nan take. Tagullar da ke cikin soket za ta tsiyaye, wadda ta rage ta gauraya da waldar ta sa ta tsattsage tun daga ciki, bututun da ke gefe kuma ya ƙone ya ƙara sirancewa. Daga nan sai ya goge, ya shafa baƙin fenti, ya ce maka ya fi sabo ƙarfi. Tsagewar tana nan, an dai rufe maka ido ne daga ganinta. Da can kana iya duba ta kowace safiya ka ga ko ta ƙaru, yanzu ba ka iyawa.

Ba ina zagin masu walda ba ne, sana'a ce mai daraja, kuma in kariyar ɗaukar kaya ce ta karye ko jakin keke, su zan tura ka wurinsu. Wanda nake jin haushi shi ne wanda ya san ba fanninsa ba ne, amma don 'yan canjin da zai karɓa ba zai iya buɗe baki ya ce "wannan ba na gyara ba ne" ba. Da kuma 'yan ba da shawara na bakin titi masu cewa ai ƙarfen da ne, ba ya karyewa. Ƙarfen da ma yana gajiya. Fok ɗin da ya koma baya shaida ce cewa keken ya taɓa cin karo da wani abu da ƙarfi, ƙarfen ya riga ya lanƙwashe sau ɗaya. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya, ka ga a karo na nawa take rabuwa. Abin da ke faruwa ke nan a kafaɗar fok duk lokacin da aka taka birkin gaba ko aka faɗa rami, kuma tsagewar da ka gani ita ce farkon rabuwar.

In kaca ta tsinke, mutum ya sauka ya tura. In taya ta fashe, ya nemi mai faci. Fok kuwa ba ya karyewa a zaure, sai lokacin da nauyi ya fi yawa a kansa, wato ana gudu, an taka birki, ko an ɗauko aboki a baya. Gombe gari ne da ke cikin kwari, duk wanda ya gangaro daga wajen Tumfure ya san yadda keke ke ɗaukar gudu da kansa, ga tireloli a gefe. A irin wurin nan in fok ya rabu, wilin gaba tafiya yake yi, yaro ya sauka da fuska da haƙora da wuya, ba ya ko samun damar kai hannu ƙasa. Na ga irin raunin nan a jikin yaran mutane, kuma kusan kullum in aka kawo mini gawar keken sai in tarar da tabon walda a ƙarƙashin fenti. Sai ka ji ana cewa tsautsayi ne. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ƙanenka amana ne a hannunka tunda mahaifinku ba ya nan, kuma kuɗin fok bai kai kuɗin jinyar irin wannan rauni a asibiti ba.

Don kada a ce na hana komai: fok ɗin da ya ɗan karkace gefe, babu tsagewa, babu tattarewa, gwani yana iya miƙe shi a sanyi, a hankali, ba tare da wuta ba. Naka ya wuce nan. Kuma kada ka tsaya a fok kaɗai. Kankare fentin da ke bayan wuyan keken, ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa daidai inda suka shiga soket. In ka ji kumburi ko tattarewa, ko ka ga fenti ya yi zobe ya fashe, bodin ma ya bugu, sai dattijon bakanike ya gani da idonsa kafin ka kashe ko sisi a kan fenti da sirdi.

In bodin lafiya yake, nemi fok na wani mataccen Raleigh mai lafiyar gaba, shi ya fi dacewa saboda tiredi. In bai samu ba, na Phoenix ko Hero yana iya zama, amma ka saye shi tare da notinansa da kofunansa na wuya, ka tafi da tsohon a gwada tsawon wuyan su zo daidai, a kuma tabbatar maƙalan birkin sanda sun zauna a jikinsa. Robobin birki sababbi za ka sa, don na shekara 10 sun bushe, kuma kada digon mai ya taɓa bakin wili. Tsohon fok ɗin kuma kada ka miƙa wa 'yan gwangwan yadda yake, domin wani zai tsince shi ya yi masa walda ya sayar wa ɗan wani. Sa zarto ka yanke shi biyu tukuna.