Amsar Bappa kan taubashi da kwalbar magani

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya same ni, kuma sai da ya ba ni dariya kafin daga baya jikina ya yi sanyi. Ka ce likitan ƙwaƙwalwa a Gombe ya tabbatar kana da larurar nan ta kasa tattara hankali wuri ɗaya da suke kira ADHD, ya ɗora ka a kan Ritalin. Ɗan Goggonka da ke shirin jarrabawa ya shiga ɗakinka ya zari ƙwaya biyu, da ka yi magana ya ce haƙƙin taubashi ne. Yanzu ya dawo neman ƙari, ka hana, matan gida na cewa ka cika rowa. Shi ne kake tambayata ko al'ada ta yarda mutum ya hana taubashinsa abu.

Mu taubasantakar da muka taso muka tarar, hula ake warcewa, a ɓoye maka takalmi ranar ɗaurin aurenka sai ka fansa, a zo karɓar kuɗin shara in watan cika-ciki ya kama. Ni da uwar yaron nan ciki ɗaya muka fito, ku biyun duk 'ya'yana ne, ba na son in ji kanku. Amma akwai abin da nake so ka sani tukuna.

Daminar 1974 ce, wadda ta biyo bayan babban farin nan. Mutane sun sha wuya, kowa ya shiga gona da zafinsa. A lokacin ƙasar Gombe ƙasar auduga ce, manyan motoci na ta zirga-zirga tsakanin Kumo da Gombe, kuma ta hannun yaran mota wasu ƙananan ƙwayoyi suka shigo mana. A tasha ake sayar da su, a ƙulle cikin 'yar takarda, ana ce musu a-ji-garau. Direba ya sha ya kwana yana tuƙi, ɗan ƙodago ya sha ya yi aikin mutum biyu.

Kakanku ya kira gayyar huɗa a gonarsa ta bayan gari. An zo da masu gangar noma, 'yan mata sun jera ƙoren fura a gindin ɗorawa. Cikin samarin akwai wani ɗan maƙwabcinmu, natsattsen yaro mai kunya, wanda aka sa masa ranar aure bayan kaka. Yana so ya fito da kansa kunya a gaban budurwarsa, sai amininsa ya ba shi ƙwaya biyu da asuba, da zuciya ɗaya, don ya taimake shi. Wallahi ranar nan ban taɓa ganin huɗa irin tasa ba. Kafin sauran su kai tsakiyar kunya ya kai ƙarshe ya juyo. Makaɗa suka koma kansa, ana ta guɗa, budurwar na bin sa da mafici. Da aka tsaya shan fura ya ce shi ba ya jin yunwa. Ina kusa da shi, na ga leɓensa ya bushe ya yi fari, muƙamuƙinsa na ta motsi yana cizon haƙora, jijiyar wuyansa na harbawa ana gani daga nesa. Magana kuwa ba ya tsayawa, shi da ba a cika jin muryarsa ba.

Aka tashi da la'asar, shi bai tashi ba. Ashe ya karɓi ragowar ƙullin ya ƙara. Da daddare aka same shi a gonar ubansa yana huɗa a farin wata. Kwana biyu bai rintsa ba, bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa da goro. A rana ta uku ya shigo gari a guje da garma a hannu, yana ihu wai ga mutane can sun ɓuya cikin dawa za su yanka shi. Ƙarti huɗu suka taru kafin aka danne shi, aka ɗaure shi da rawanin ubansa. Uwarsa na kuka tana cewa iskokin gindin ɗorawa ne suka shafe shi, har an aika a kira mai ruƙiyya. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta zo ta duƙa ta buɗe idonsa da yatsa, ta shinshina bakinsa, ta ce a bar aljanu su huta, a tambayi abokansa me ya haɗiya. Nan aminin nasa ya fashe da kuka.

Da abin ya sake shi ya yi barcin da har aka riƙa kai hannu hancinsa. Ya farka ba ya iya ɗaga buta, ba ya son ganin kowa, sai hawaye ba dalili. Ya warke daga baya, amma dangin yarinyar sun ga abin da suka gani, aka mayar masa da kayansa. Wanda ya ba shi ƙwayar kuwa kunya ta sa ya tafi cin rani bai ƙara dawowa ya zauna ba. Kakata ta daɗe tana maimaita mana cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk ƙarfin da mutum ya ranto a wurin gobe, da ruwa zai biya shi.

Sai da na zama malamin asibiti na san sunan abin da ya sha, amfetamin ne. Naka kuwa, Ritalin, sunan sinadarinsa metilfenidet, kuma dangin juna ne. Aikinsa shi ne ƙara yawan dofamin da noradirenalin, sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su. Mai irin larurarka idan aka auna masa daidai, sai hayaniyar da ke kansa ta lafa ya iya gama abin da ya fara. Ban raina maganin ba ko kaɗan. Na tuna irin bulalar da ka sha a makarantar allo ana cewa rawar kai gare ka, alhali a lokacin ba wanda ya san ciwo ne mai suna. Na yi maka murna da ka samu likitan da ya gane. Wanda ke shan sa bisa ƙa'ida, likita na bibiyarsa, ba shi ne ake ji wa tsoro ba.

Amma ka tuna me aka yi maka kafin a rubuta shi. An gwada jininka, an saurari zuciyarka, an ɗora ka a sikeli, an tambaye ka ko a dangi akwai mai ciwon zuciya ko taɓin hankali. An fara maka da kaɗan. Wa ya yi wa ɗan Goggonka wannan? Maganin nan yana ƙara bugun zuciya, yana ɗaga jini, kuma ka san hawan jini ya yi wa gidanmu yawa. Yana kashe yunwa, ya kori barci, ya busar da baki, wani ya sa masa ciwon kai da fargaba, in ya fara sakin mutum kuma ga saurin fushi. Wanda ya zarce ƙa'ida ya haɗa da rashin barci yana iya kaiwa inda yaron nan na gayya ya kai, ya riƙa jin muryoyi yana zargin kowa. Kuma mai lafiyar da ya sha don karatu, abin da ya fi samu shi ne ido a bushe da jin cewa ya iya. Karatu sai an yi barci yake zama a kai. Ga kuma hukuma. Maganin na cikin waɗanda doka ta ƙayyade, sai da takardar likita, kuma miƙa wa wani laifi ne a wurin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ko da ba ka karɓi ko kwabo ba.

Kakanku ya kan ce goro ne ake ɓarawa a miƙa wa na kusa, maganin da aka ambaci sunanka a kansa kuwa ko ɗanka ba ka sam masa. Haka muka ga ana yi. Mai magani sai ya tambayi sunan mara lafiya, ya ce tafin hannu ɗaya safe da yamma, kuma ba mai taɓa ƙoƙon. Rubutun sha da aka yi wa wane, wane ne zai shanye. Abincin wani gubar wani, tsofaffi sun riga sun faɗa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muka saki wannan. Yau mace za ta leƙa ta katanga ta ce a sam mata ragowar kafson da aka ba yaro, a kuma miƙa mata ana ganin an yi zumunci. Ta wannan ƙofar tiramol ya shiga gidajenmu, haka ma maganin tari mai kodin da sai da gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018. Yawancin yaran da na gani an kawo su asibiti a ɗaure, ba dila ne ya fara ba su ba, aboki ne ko ɗan'uwa.

Kai ma ina da magana da kai. Mahaifiyarka ta ce wuyan rigarka ya yi maka yawa, kuma saƙon nan naka da tsakar dare ka turo shi. Wane lokaci kake shan na ƙarshe? Irin naka mai gajeren zango awa uku zuwa huɗu yake aiki, in ka sha shi da yamma ka sayar da barcin daren. In kuma aka canza maka zuwa mai dogon zango irin Concerta, haɗiye shi ake yi ɗungurungum, ba a taunawa ba a dakawa. Ka karya kumallo sosai kafin ka sha, ka rage goro da shayi mai kauri, kar kuma ka ƙara wa kanka ko rabin ƙwaya don aiki ya taru a ofis. In ka ji ƙirjinka na ciwo ko numfashi na yankewa, a ranar za ka je asibiti. Azumi ma na tafe, ka tambayi likitanka tun yanzu yadda za a tsara maka lokacin sha, ka kuma faɗa masa ƙwaya biyu sun fita daga kwalbar, kar ya ga ta ƙare da wuri ya yi maka wani zato.

Kwalbar ka sa ta a akwati mai makulli. Matan gida ka bar ni da su, zan kira Goggonka da kaina, don ina so in ji ko wannan ne karon farko da yaron ya nemi abin hana barci ko dama yana yi. In kuma shi ma karatu ne ke gagararsa tun yana ƙarami, to a kai shi a duba shi, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe. Ranar Juma'a mai zuwa ku taho Kumo tare, ku iso kafin a shiga masallaci. Ka gaishe da mahaifiyarka da mai ɗakinka.

Bappanka.