Ɗiyata ta samu aikin koyarwa a sansanin ciyalidin, in bar ta ta je?

Wata baiwar Allah da ke zaune a jihar Texas ce ta rubuto. Ɗiyarta mai shekara 19, haihuwar Amurka, tun tana sakandare take wasan ciyalidin, wato tsalle-tsalle da kirarin zuga 'yan wasa, yanzu kuma wani kamfani ya ɗauke ta ta koyar da 'yan mata a sansanonin hutun bazara. Uwar ta so a yi hutun a Zariya wurin kakar yarinyar, maigida kuma hankalinsa bai kwanta da batun sutura ba. Ga ɗiyar ƙaninta da ta zo da bizar karatu, ita ma ta ce sai ta bi 'yar'uwarta. Tambayarta: me ake samu a aikin nan, kuma ta bar su su je?

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Ɗiyarki dai ki bar ta ta je, amma bisa sharaɗi. Ɗiyar ƙaninki kuwa kada ta sa ƙafa sai an ba ta izini a rubuce.

Mu da muka zo ƙasar nan da girmanmu, abin da muke hangowa a talabijin shi ne 'yan mata a bakin fili suna tsalle suna kirari don zuga 'yan ƙwallo, sai mu kau da kai. Sansanin koyarwa daban yake. A jiharku ma aka haife shi: Lawrence Herkimer, mutumin Dallas, shi ya kafa NCA, ƙungiyar koyar da ciyalidin, a 1948, kuma sansaninsa na farko a garin Huntsville na Texas aka yi shi. A 1974 Jeff Webb ya kafa wata irinta mai suna UCA a Memphis. A 2021 Kwamitin Olimfik na Duniya ya amince da ƙungiyar wasan ta duniya. Sansani yakan ɗauki kwana uku ko huɗu, yawanci a harabar wata jami'a, daga an gama wannan malamai su ɗauki jaka su nufi na gaba.

Na taɓa raka maƙwabciyata ɗauko ɗiyarta a ranar rufe wani sansani. Akwai wata yarinya ƙarama, ba za ta wuce shekara 13 ba, ita ce za a ɗaga sama. Ƙafarta na rawa, ta riƙe kafaɗar ƙawayenta gam ta ƙi saki. Malamar, wadda ita ma ba ta fi ashirin ba, ba ta daka mata tsawa ba. Ta durƙusa, ta gyara wa masu ɗagawa riƙon tafin ƙafa, ta koma bayan yarinyar ta buɗe hannu, sannan ta fara ƙirga musu daga ɗaya zuwa takwas a hankali. Sai a karo na uku yarinyar ta miƙe cak a kan hannayen ƙawayenta. Da aka sauke ta, ba wurin uwarta ta fara rugawa ba, wuyan malamar ta je ta rungume. Har yau ina ganin fuskar malamar nan.

Wannan ne ribar aikin, Hajiya. Za a damƙa wa ɗiyarki amanar 'ya'yan mutane, ta koyi tsayawa gaban mutum ɗari ta yi magana a ji, ta koyi gyara kuskuren yaro ba tare da ta karya masa zuciya ba, ta sasanta 'yan mata biyu da suka yi faɗa cikin dare, ta tashi da asuba bayan ta kwanta da ciwon jiki. Yarinyar da ke son zama malama, ko nas, ko likitar gashin ƙashi, takardar shaidar da shugabanta zai rubuta mata a ƙarshen bazara za ta yi mata rana.

Kuɗin kam ba mai yawa ba ne, kada ku sa rai da shi. Kafin ta sa hannu ta nemi a rubuta mata nawa ake biya a kowane sansani, wa ke ɗaukar kuɗin mota, masauki da abinci. Sai babbar tambaya: in ta ji ciwo wa zai biya asibiti? Wasan nan ana faɗuwa, ana targaɗe, ana buguwa a kai, kuma Texas ba ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu sayen inshorar raunin ma'aikata. Ta kuma tambaya ko ma'aikaciya ce da za a cire wa haraji a ba ta takardar haraji ta W-2, ko kuwa ta 1099 za a ba ta, wanda ke nufin ita za ta ware kuɗin harajin da kanta kafin 15 ga Afrilu. Fom ɗin I-9 kuwa, na tabbatar da tana da izinin aiki, fasfonta na Amurka ya wadatar.

Damuwar Alhaji gaskiya ce, kada a yi masa kallon mai tsauri. Yawancin malamai riga da gajeren wando suke sawa, kuma akwai maza a cikinsu. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya sassauta wa ma'aikaci a kan addininsa matuƙar hakan ba zai ɗora wa kamfanin nauyi mai yawa ba. Ta rubuta musu tun yanzu cewa za ta sa dogon wando da hijabin wasanni marar fil, a haɗa ta da mata zalla wajen ɗagawa, a ba ta 'yan mintoci na Azahar da La'asar. Ita za ta rubuta da hannunta, ba ke ba. In suka ƙi, kun san inda kuka tsaya tun kafin a yi nisa.

Yanzu ɗiyar ƙaninki. A nan nake son ki buɗe kunne sosai. Mai bizar karatu ta F-1 aikin cikin makarantarta kawai aka yarje mata kai tsaye: awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken lokaci a hutu. Ko da a harabar jami'arta aka kafa sansanin, kamfanin waje ne ke biya kuma 'yan sakandare ake koya wa, don haka kada ta ɗauka aikin makaranta ne. Hanyar da ta fi kusa ita ce CPT, wato izinin aikin horo da ke cikin tsarin karatu: sai ta cika shekarar karatu guda, sai aikin ya shafi fannin da take karantawa, kuma sai jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya rubuta izinin a kan I-20 ɗinta, wato takardar shaidar ɗalibta da makaranta ta ba ta, kafin ranar fara aiki. Kada wani ya ruɗe ta da cewa ta je ta taimaka kyauta a ba ta ɗaki da abinci, shi ma ana iya lissafa shi a matsayin lada. Aikin mako shida ba da izini ba zai iya rushe karatun shekara huɗu da ƙaninki ya sayar da kadara ya biya. Ta je ofishin nan ta tambaya, ta karɓi amsa a rubuce.

Saura maganar Zariya, kuma ita ta fi taɓa ni, don tsohuwa ba ta jiran kalandar kowa. Yawancin sansanonin a Yuni da Yuli suke, jami'o'i kuma sai wajen tsakiya ko ƙarshen Agusta suke komawa. Ɗiyarki ta gaya wa kamfanin ranar da za ta tsaya, ku samu mako biyu ko uku a gida cikin damina. In fasfonta na Najeriya ya ƙare, ku fara neman sabuntawa yau ta ofisoshinmu na Washington, New York ko Atlanta, kuma sai da lambar NIN. Albashinta na farko kuwa ki sa ta ware wani abu, ta sayi turmin atamfa da turare, ta kai wa kakarta da hannunta.