Tambaya da Amsa: Motar da ke Kamawa da Wuta a Ajiye

Tambaya: Na sayi Hyundai 'yar Kwatano wadda asalinta daga Amurka take, kuma na ji wasu irinta suna kamawa da wuta ko a ajiye suke. Shin gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. A Satumbar 2023, kamfanonin Hyundai da Kia sun yi wa motoci fiye da miliyan 3 kiranye a Amurka, wato sun nemi a mayar da su don gyara, saboda man birki yana iya yoyo cikin na'urar ABS (mai hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki) ya haddasa gobara, ko da injin a kashe yake. An shawarci masu motocin su ajiye su nesa da gine-gine har dillalai su canza musu fis kyauta. Abin damuwar shi ne wasiƙar kiranye ba ta biyo mota zuwa ƙasarmu, saboda haka ka duba lambar shasinka a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko kiranyen ya shafe ta.