Amsa kan sauya bel ɗin taimin na Camry mai injin 5S-FE

Malam, ka tambaya ko injinka ya lalace da bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul da fistan, ya tsinke a hanya. Ka kwantar da hankalinka, domin a wannan injin fistan ba ya dukan bawul ko da bel ya tsinke. Kafin ka ɗora sabon bel, ka cire fulogai, ka juya karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) har alamarsa ta tsaya a kan 0, sannan ka leƙa ta ƙaramin ramin fulin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul), ka ga ramin ya dace da alamar da ke bayansa. Bayan ka ɗora, ka juya injin da hannu zagaye 2, ka sake dubawa, domin kuskuren haƙori ɗaya yana rage ƙarfin mota. Ni dai ba na rufewa sai na sauya famfon ruwa, tunda bel ɗin ne ke juya shi.