Lambobin hotunana sun rikice, saura kwana goma in kare kundina

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kundina a kan noman zogale ne a Jiratawa. Hotuna 38 gare ni, kowanne da hannu na rubuta masa "Figure 1", "Figure 2" a ƙasa. Yanzu malamina ya ce in ƙara biyu a babi na biyu, lissafin duk ya watse. Mai buga mini takardu ya ce kada in kuskura in bar Word, manhajar rubutu ta kwamfuta, ya sa lamba da kansa, wai yana lalata aiki. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, wannan ba zai ci miki yini guda ba. Ki fara ajiye kwafi ɗaya a kile (USB), don kin san halin wutarmu. Sai ki je hoton farko, ki goge "Figure 1" ɗin da kika rubuta, ki taɓa hoton, ki shiga Références, ki zaɓi Insérer une légende. Ki bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Bayanin hoto a ƙasa ake sa shi, na tebur a sama. In kin gama, Insérer une table des illustrations zai jera miki su da lambar shafinsu.

Yanzu ga maganar mai buga takardun naki, wadda nake ji kusan kullum har ta ishe ni. Lambar da Word ke sawa ba rubutu ba ne kawai, umarni ne ɓoyayye. Danna Alt da F9 tare, za ki ga SEQ Figure a wurin lambar. Ƙirge kawai yake yi daga sama zuwa ƙasa, ya ga hoto na nawa ne wannan. Ina cutar a nan? Wanda ya rubuta da hannu shi ne ya ɗora wa kansa ƙirgen, kuma ranar da aka cusa hoto a tsakiya sai ya bi talatin da wani abu yana gyara, ya manta biyu, a zo gaban masu jarrabawa a tarar da "Figure 14" har sau biyu. Na ga wanda ya fi wannan muni: yaro ya rubuta bayanin a jikin hoton da waya, sannan ya manna. Wannan ko waliyyi ba zai gyara masa ba sai an sake hoton.

Na san inda jita-jitar ta samo asali. Wani ya taɓa buga kundi ya ga "Erreur ! Source du renvoi introuvable" baƙi ƙirin a tsakiyar jimla, sai ya ce Word ya haukace. Ba hauka ba ne. An yi amfani da Renvoi, wanda ke ɗaure ambaton hoto a cikin jimla da lambarsa, an ce "duba Figure 9", daga baya wani ya goge bayanin hoton gaba ɗaya ya sake rubuta shi da hannu, igiyar ta tsinke. Mai gogewar nan kuwa sau da yawa shi ne mai cewa kada a yarda da na'ura. Kuma kada ki manta, duk gyaran da aka koma yi da hannu kuɗi ne a aljihunsa. Ban ce duka haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da sanin aiki a garin nan, amma wanda bai taɓa danna F9, maɓallin sabunta lambobin, ba bai kamata yana ba ɗalibai fatawa ba.

Abu biyu ne ke sa lambar ta yi gardama da gaske. In kin cire hoto ko kin matsar da shi, Word ba ya sake ƙirge nan take: ki danna Ctrl da A, sannan F9, a wasu kwamfutocin hannu sai kin haɗa da Fn. In kuma malaminki ya kunna Suivi des modifications, mai bin sawun gyare-gyare, abin da kika goge yana nan ana lissafa shi har sai kin amince da gyare-gyaren.

Hotunan ma ki bar su a kan Aligné sur le texte, wato su zauna a layi ɗaya da rubutu. In hoto yana yawo, bayaninsa cikin akwatin rubutu yake shiga, kuma Ctrl da A ba ya kaiwa can. Ki sa wa layin hoton Paragraphes solidaires don kada hoto ya tsaya a wannan shafi bayaninsa ya tsallaka na gaba.

Ranar bugawa, ki mai da kundin PDF a kwamfutarki, ki duba lambobin da idonki, shi za ki kai masa. Na Word ɗin ya zauna a wurinki. Allah ya ba da sa'a.