Waƙoƙin da za su tayar da matasa rawa

Ɗan'uwa, ka ce an gayyaci ƙungiyarku ta makaɗa walimar ɗaliban jami'a, kana neman waƙoƙin wasu mawaƙa da za ku maimaita don a taka rawa. To, ajiye waɗanda kai kake so tukuna. Nemo masu amshin da ya zauna a bakin kowa, irin waɗanda ake ji a Keke Napep da TikTok, don matashi ya fi saurin tashi idan ya iya bin waƙar da baki.

Sai saurin kiɗa. Amapiano na Afirka ta Kudu yana tafiya wajen bugu 110 zuwa 115 a minti, Afrobeats da yawa ma ba su yi nisa da haka ba, sai ku jera su a haɗe kada mai ganga ya riƙa tsayawa. Amma fa amapiano ya dogara da wani bugu mai kauri da ake kira log drum. In mai piyanonku bai iya fitar da shi ba, ku haƙura da shi.

Na taɓa ganin an kwashe awa ana kiɗan zamani, kowa na latsa waya. Mai kalangu na shigowa da asharalle, 'yan mata suka tuɓe takalma. Ku ajiye wannan sai an gama cin abinci. Waƙar soyayya mai sanyi kuwa, ɗaya ta isa.