Tambaya da Amsa: Ruwan ledarmu na yoyo, ni kuma oga ke sauke wa kwandon masifa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, sannu da ƙoƙari. Ni ina aiki ne a wani kamfanin ruwan leda a nan Kano wajajen Sharaɗa, wata 7 kenan da aka ɗora ni a kan yara 6 masu kula da injin. Damuwata ita ce kusan kullum sai an dawo mana da jakunkuna saboda ledar na yoyo ta bakin liƙi, direbobi su yi ta faɗa, masu shago su ce ba za su biya ba, shi kuma oga ba ya tambayar komai sai dai ya ce min "kai wai me kake yi a wurin nan ne?" Wallahi Kawu na canza yaron da ke kan injin har sau biyu, na kira makaniki ya canza hita ya karɓi kuɗinsa, kwana 3 abu ya dawo sabo. Yanzu ko abu kaɗan ne ya faru sai in ruga ofis in faɗa wa oga, shi kuma abin ƙara ba shi haushi yake. Shin iya warware matsala a wurin aiki koyonsa ake yi, ko baiwa ce Allah ya ba wasu?

Daga mai karatu a Kano

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Koyonsa ake yi, kuma daga wasiƙarka na gane inda ka ɓata hanya. Da abu ya lalace tambayar farko da ka yi ita ce "wa ya yi?", shi ya sa ka cire yaro ka sa wani, yoyo bai tsaya ba ka sake cirewa. To in mutum uku sun zauna kan injin ɗaya duk ledar na yoyo, ai ka ga ba a hannun yaran take ba, bayin Allah sun sha kunya ne kawai a banza.

Bari in kai ka Japan. A kamfanin motoci na Toyota an yi wani injiniya Taiichi Ohno, ya rasu a 1990, shi ya dage wa ma'aikatansa cewa in abu ya tsaya a tambayi "me ya sa?" har sau biyar kafin a taɓa sifana. Misalin da yake bayarwa shi ne injin ya tsaya. Me ya sa? Fis ya ƙone saboda nauyi ya yi yawa. Me ya jawo nauyin? Boris, wato ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, bai samu isasshen mai ba. Me ya hana shi samu? Famfon mai ba ya turawa da kyau. Me ya sa? Sandar famfon ta cinye tana kaɗawa. Me ya cinye ta? Ba a sa rariya ba, ɓurɓushin ƙarfe yana shiga. Ka ga wanda ya tsaya a tambayar farko fis kawai zai canza ya tafi, bayan 'yan watanni injin ya sake tsayawa, alhali gyaran gaskiya 'yar rariya ce. Makanikinka da ya canza hita mai canza fis ne, ba wai mugu ba ne, abin da aka nuna masa ya gyara.

Kuma ba a ofis ake wannan tambaya ba. Ana ba da labarin Ohno yana zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta ya ce wa ma'aikaci tsaya a nan ka yi ta kallo har sai ka ga abin da ke faruwa. Kai ma haka za ka yi, ka sayi littafin makaranta da biro, ka ja kujera kusa da injin na sati ɗaya ko biyu, duk bayan rabin awa ka ɗauki leda 10 ka matse su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta nawa suka yi yoyo, ƙarfe nawa ne, wutar NEPA ce ko janareto, nawa agogon zafin hita ke nunawa, kuma nadin leda na wane dila ne aka ɗora. Ni daga nan ban ga injinka ba, amma liƙin leda zafi yake so da matsi da ɗan lokaci, in wuta ta zo ba ƙarfi ko an juya zuwa janareto aka ci gaba da bugawa kafin hita ta koma daidai, ko an kawo leda mai kauri daban ba a taɓa saitin ba, ko datti ya taru a bakin maliƙin, duk suna iya kawo yoyo. Littafin ne zai nuna maka wanne ne naka. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ka canza uku yoyo ya tsaya ba za ka san wanne ya yi maganin ba.

Na tuna lokacin da nake aiki a wata maɗaba'a, takarda ta yi ta maƙalewa a injin, mun zagi mai injin mun zagi dila har an kusa korar wani yaro, sai wani dattijo mai shara ya ce shi dai ya lura abin a damina yake tsananta. Ashe takardar a ƙasan siminti muke jibge ta kusa da taga tana shan danshi. Katako muka shimfiɗa muka ɗora ta a kai, shikenan. Saboda haka yaran nan 6 ka daina ganinsu a matsayin masu laifi, sun fi ka sanin kukan injin nan, ka saya musu shayi ka tambaye su yaushe suka ga yana fara wasa. Sai dai in sun san duk wanda ya buɗe baki shi za a cire, wallahi ko injin na ci da wuta shiru za su yi. A Toyota ɗin nan akwai igiya da ƙaramin ma'aikaci zai ja in ya ga matsala, shugabansa ya taho da gudu, in ba a gyara ba layin ya tsaya.

Sai maganar oga. Zagin da yake yi ba daidai ba ne, amma in kullum ka shigo masa da "ranka ya daɗe ta sake yoyo" ka tsaya kana kallonsa, to kayanka ka ɗora masa a ka. Ka shiga da littafinka ka ce yallaɓai na bi abin kwana 10, a lokaci kaza yake faruwa, ina ganin dalilin kaza ne, ina neman izini in gwada kaza na kwana 3. Abin da bai kai a kashe kuɗi ba ka yi da kanka daga baya ka sanar da shi, abin da ya shafi kuɗi ko tsaftar ruwan da mutane za su sha kuwa kar ka yi gaban kanka ko na minti ɗaya.

Ka rubuto min bayan sati biyu, ina so in ji ƙarfe nawa yoyon ke farawa.